Albarka Pompiye da Batirin Surukinsa

A Garin Muna, ƙauyen da ke tafiyar awa guda a amalanke daga Filinge, in ka tambayi gidan Albarka ɗan Sidi sai a tsaya ana kallon-kallo, amma kana cewa Pompiye ko makaho zai kai ka ƙofar gidan. Shekara ashirin da biyar ya yi a Yamai cikin sojan kashe gobara, shi ne sunan aikin ya biyo shi har gida. Ya dawo da takardar ritaya, da tabon ƙuna a damtsen hagu, da wata hular kwano mai ƙyalli wadda matarsa Dijatu ta mayar wurin tara ƙwan zabi tun daminar farko. Ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, har yau ƙwai na ciki.

Ba son wuta ne ya kai shi aikin ba. Wata shekara ce hatsi ya ƙi a ƙasar Kurfai, ya bi samari cin rani, ya shiga ga-ruwa a unguwannin Yamai da garwa biyu a kafaɗa. Ranar da aka zo ɗibar sababbin sojoji ya shiga layi don ya ga ana shiga, aka duba tsawonsa, aka sa shi gudu, aka ce ya yi. Shi da bakinsa yake cewa ruwa ya kai shi birni, kuma ruwa ya riƙe shi can: da yana sayarwa, daga baya gwamnati ta ba shi tiyo ta ce ya zubar kyauta. Ya shiga shaguna suna ci, ya zaro mutane daga motocin da suka kife, ya sauka rijiya ɗauko jaki har sau biyu. Labarin tabon damtsensa kuwa ya danganta da yawan masu sauraro. In majalisa ta cika, tankar mai ce ta fashe. In Dijatu na kusa, sai ya ce a bar tone-tone.

To, mutum ya bar aiki, aiki bai bar shi ba. Tun da ya dawo mutanen Garin Muna ba su huta ba. In ya iske matasa sun gama shayi sun bar garwashi a gindin danga, sai ya tattake shi, ya bi su da wa'azi har hira ta watse. Mata na hango shi tafe yana auna tsakanin murhu da zana da tafin ƙafa sai su fara kwashe tukwane da kansu. Mai sayar da man babur a kwalabe sau uku yana sauya rumfa. Shekara huɗu ana haka ko kara ɗaya bai kama a garin ba, sai aka fara yi masa kirari da Pompiye-ba-gobara. Ya ce ai saboda shi ne babu gobarar. Aka ce a'a, tsarewar Allah ce. Ya ce bai yi musu da wannan ba, amma Allah bai ce a soke guntun taba a jikin rumbu ba.

Wanda ya fi kowa tsokanarsa shi ne Gidaɗo, Bafillacen da ke zaune da shanunsa a bayan gari, abokinsa tun suna kiwon awaki. Kowace kaka shanun Gidaɗo ke kwana a gonar Albarka, su ci kara su bar masa taki, su biyun kuma suna gindin gawo suna yi wa juna tsiya. Gidaɗo ya kan ce bai taɓa ganin sojan da bindigarsa ruwa ce ba sai a kan wannan Kaɗon.

Ana nan sai Naziru ya sayo Bebiya. Naziru shi ne mijin Habsatu, ɗiyar Albarka ta fari, mutum mai hankali da neman na kansa, yana dakon kaya tsakanin Filinge da Bonkuku da Damana. Bebiya kuwa babur ce mai ƙafa uku da bodin kaya a baya. Ba ta shan mai, kuran take ci, wato lantarki, daga faya-fayan hasken rana da Naziru ya jera a kan ɗakinsa. Ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, sai dai ka ga buhunan wake sun wuce ka shuu, shi ya sa aka raɗa mata wannan suna. Jakuna sun daɗe ba su yarda da ita ba. Gari duka ya yi murna, ban da mutum guda.

Albarka ya san abin da ke ƙarƙashin kujerarta. A shekararsa ta ƙarshe a bariki an tara su kwas na mako guda a kan irin wannan batir da ake sa wa babura da motocin kuran, har aka ƙona ɗaya a fili suna gani. Abin da ya gani ranar bai fita kansa ba. Akwatin ƙarfe ne cike da ƙananan batura a jere kamar kifin gwangwani. In ɗaya ya ji rauni ya ɗau zafi sai ya kunna na kusa da shi, shi ma ya kunna na gaba. Wutar daga ciki take ciyar da kanta, ba ta jiran iska, don haka ko ka rufe ta da ƙasa ko da bargo, idonka kawai ka rufe. Harshen wuta ya mutu, ciki na dahuwa, bayan awa uku ko kwana guda ta sake tashi. Malaminsu ya ce a janye ta nesa da duk abin da ke ci, sannan a yi ta zuba ruwa, ruwa na fitar hankali, har ƙarfen ya huce. Hayaƙinta kuma guba ne, ba a tsayawa inda iska ke kai shi.

Duk wannan yana cikinsa, amma ta ina zai fitar? Naziru suruki ne, kuma mijin ɗiyar fari. Mutumin kirki a wajensu ba ya taka gidan ɗiyarsa ta fari, ba ya zama tabarma ɗaya da mijinta. In sun haɗu a hanya Naziru ya cire takalmi ya durƙusa, Albarka ya amsa gaisuwa yana kallon wata bishiya. Shekara bakwai da auren bai san inda ƙofar ɗakinta ta fuskanta ba. Don haka ya bi hanyar da aka saba. Ya zaunar da Dijatu ya yi mata karatu tun daga farko: kar a yi cajin babur cikin rana tsaka, kar a kwantar da ita kusa da rumbu, in akwatin ya daki dutse a kai a duba kafin a sake hawa. Dijatu ta kai wa Habsatu rabi, don ita ba ta ga abin tashin hankali a babur ba. Habsatu ta tace sauran don kar mijinta ya ji kamar ana yi masa baƙin ciki. Abin da ya isa kunnen Naziru shi ne Baba na gaishe shi, ya ce a riƙa addu'a in za a hau. Naziru ya ji daɗi ƙwarai, ya aiko da goro.

Ranar wata Lahadi bayan an gama girbi, rumbuna sun cika har wuya, Albarka ya yi sammakon kasuwar Filinge a amalanken Gidaɗo. Shi zai sayi gishiri, Gidaɗo zai ga yadda kasuwar raguna take. Da rana ta take suna shan fura a rumfar wata Bazabarma, sai ga wani mutumin garinsu ya zo yana yi wa Albarka jaje da barka a haɗe. Wai Naziru ya ɗora kaya zai fito, Bebiya ta yi tari ta kama wuta a bakin gari, dama jiya ta daki dutse a hanyar Bonkuku. Amma Allah ya tsare, jama'a sun taru sun yi mata ruwan ƙasa, nan da nan ta mutu, taya ɗaya ce kawai da kujera suka ƙone.

Albarka ya ajiye ludayi ya tambaya ina take yanzu. Mutumin ya ce ai hankali kwance. Malam Isuhu, mahaifin Naziru, ya ce ba za a bar dukiyar ɗansa a kan hanya kowa ya wuce ya sa mata ido ba, tun da dama bakin mutane ne ya kama ta. An tura ta cikin gida, an kai ta can ƙurya tsakanin rumbuna uku inda ido ba ya kaiwa, an lulluɓe ta da sabuwar zana.

Gaban Albarka ya faɗi, faɗuwar da bai yi ba ko ranar da rufin wani shago ya rufto a bayansa a Yamai. Rumbunan nan uku su ne abincin gidan na shekara, kuma ya sha ji a bakin Dijatu cewa a inuwarsu Habsatu ke daka. Ya miƙe ya bar gishirin a nan. Gidaɗo ya fara cewa shi bai gama furarsa ba, ya dubi fuskar abokinsa, ya je ya kwanto shanu. Shanun da ba su saba da gudu ba, ranar sun koya.

Sun iso ana kiran azahar. Ƙofar gidan Malam Isuhu cike take da masu jaje a kan tabarmi, ana ta maimaita yadda aka kashe wuta, kowa shi ya fara watsa ƙasa. Kuma ka ji ikon Allah, duk da abin da ke cin ransa, da Albarka ya zo daidai zauren sai ƙafarsa ta ƙi. Sabon shekara bakwai ba wasa ba ne. Ya tsaya daga gefe, ya tura Gidaɗo ya shaida wa mai gida cewa wutar nan ba ta mutu ba, a fito da babur yanzu-yanzu. Gidaɗo ya je ya faɗa, har da ƙari.

Malam Isuhu dattijo ne mai fara'a, amma ba a koya masa riƙon gidansa. Ya taso da kansa ya gaida Albarka, ya sa a kawo ruwa, sannan ya ce:

"Malam Albarka, mun gode da kulawa. Amma tun kakanninmu da ƙasa ake kashe wuta garin ga. Ni da hannuna na taɓa ƙarhen, ya yi sanyi. Zamna ka huta."

Jama'a suka yi dariya ƙasa-ƙasa, wani ya ce yau dai Pompiye ya samu gobara, sai dai ya iske an cinye. Albarka ya buɗe baki zai fara karatun ƙananan batura, sai hancinsa ya riga shi. Wani wari ne ya biyo ta zaure, mai zaƙi-zaƙi, kamar alewa ta ƙone a tukunya. Ya san shi. Can ƙarƙashin sautin taɓarya kuma akwai wani siririn tsaki, tsss, da ɗan ƙas-ƙas.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ratsa tabarmin dattawa da takalminsa, ya kutsa zaure, ya faɗa tsakar gidan da bai taɓa gani ba. Matan gida suka watse ɗakuna suna salati. Can ga rumbuna uku, ga zana, ga farin hayaƙi yana tsiyayowa ta ƙarƙashinta yana bin ƙasa, ga Habsatu taku uku tsakani ta ba shi baya, tana daka tana 'yar waƙarta.

"Habsatu! Bar wurin nan!"

Ta saki taɓarya ta yi tsalle ba ta ko waiga ba. Ya fizge zanar ya yi jifa da ita nesa. Naziru ya shigo a guje, ya ga surukinsa a tsakar gida, kuma wallahi ya tsaya cire takalmi zai durƙusa. Albarka ya daka masa tsawar bariki, ya ce ya bar gaisuwa sai gobe, ya kawo igiyar rijiya mafi tsawo, kuma kar wanda ya taɓa wayoyin nan da hannu.

Shanu ba za su bi ta zaure ba, turawa da hannu kuwa ba mai sake yi. Bayan rumbunan danga ce ta kara, bayan dangar fako ne fetal. Albarka ya sa kafaɗa ya kwantar da dangar, Malam Isuhu na tsaye yana kallo baki buɗe. Ya ɗaure rawaninsa a hanci, ya tsuguna ya zarga igiya a ƙarfen gaban babur, Gidaɗo ya kewayo da shanun amalanke ya ɗaura musu ɗaya bakin. Da farko shanun suka yi gardama, don sun gaji, kuma babur mai ƙonanniyar taya ba ta da daɗin ja. Sai akwatin ya yi tau, kamar an harba bindigar mafarauta. Shanu ba su jira umarni ba, suka zabura da Bebiya a baya tana tsalle, Gidaɗo na biye yana zaginsu da Fillanci yana roƙonsu da Hausa. Sun yi taku sittin cikin fako kafin ya samu ya sare igiyar da adda.

Nan ta nuna halinta. Wuta ta fito ta gefen akwatin a miƙe tana huci, ta lafa, ta sake fitowa ta wani gefen. Gwanayen safe suka rugo da kwanoni cike da ƙasa suka zuba, ta huda ƙasar ta fito abinta. Dariya ta ƙare. Wanda ya yi maganar an cinye gobara ya waiga ya dubi rumbunan, ya dubi wutar, ya yi salati a hankali.

Daga nan gari ya zama barikin Albarka. Ya tsaga ƙasa da ƙafa ya ce kowa ya koma bayan layin nan, ta inda iska ke fitowa. Ya sa masu ƙarfi su haƙa rami a gefe, don fako ba ya shanye ruwa. Saura ruwan, kuma a Garin Muna ruwa ba abin wasa ba ne. Rijiya ɗaya ce mai gaba ashirin, kowa da lokacinsa, kuma daga azahar zuwa la'asar na garken Gidaɗo ne, suna can bakin kwami tun ɗazu suna jira. Albarka ya dubi abokinsa. Gidaɗo ya dubi sama ya yi tsaki.

"Kaɗo, shekara huɗu kana biɗar gobara, yau da ka samu sai ka shayar da ita ruwan shanuna? Ɗiba. Amma in nono ya ƙahe gobe, kai za ka yi ma matata bayani."

Aka jera daga rijiya har fako, maza na jan guga, mata na miƙa bokiti da tulu da bido hannu da hannu. Albarka shi kaɗai ke gaba, yana watsa ruwan daidai kan akwatin, ba kan harshen wuta ba, yana ja da baya duk lokacin da ta yi huci. Wasu suka fara gunaguni cewa ai ta mutu, a bar ɓarnar ruwa. Ya ce su ƙara. Sau biyu tana likimo, sau biyu tana tashi, kuma bayan ta biyun ba a sake jin gunaguni ba. Malam Isuhu da kansa ya naɗe babbar riga ya shiga layi. Da tururi ya ragu suka sa dogayen itatuwa suka tura Bebiya cikin ramin, aka yi ta zubawa har akwatin ya nutse. Albarka ya sa aka kewaye wurin da ƙaya, ya ce ko kaza kar ta sha wannan ruwa, kuma mako guda ba mai matsowa ko da ya ga ta yi lumui kamar waliyyiya.

Naziru na zaune a ƙasa yana kallon ramin da ya haɗiye sana'arsa, idanunsa sun yi ja. Albarka ya ji tausayinsa har cikin rai. Tun da an riga an karya danga, sai ya tsaya a kansa ya yi masa karatun nan baki da baki, tun daga rana tsaka har dutsen Bonkuku, ya ce babur ana sake ta in da rai. Naziru ya saurara kai sunkuye, ya ce da an gaya masa tun farko da bai ko hau ta ba yau. Albarka ya juya ya nemi Dijatu a cikin mata. Ta duƙa tana duba gindin bokitinta, wai yoyo yake.

Sai da komai ya lafa, rana ta yi sanyi, kunya ta dawo masa gaba ɗaya. Ya tuna tabarmin dattawa da ya taka, ya tuna tsawar da ya yi wa suruki a gaban iyayensa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya lallaɓa zai bi ta bayan gonaki ya tafi gida, sai Habsatu ta tare shi a bakin karyayyar dangar da ƙwaryar fura, ta durƙusa ta miƙa masa. A bayanta rumbuna uku na tsaye, ko kara ɗaya bai ƙone ba. Ya karɓa yana kallon gefe.

Ba ta tashi ba. Ta ce:

"Baba, shekarata ashirin da shida. Kullum sai 'ke', sai 'yarinyar ga'. Ban taɓa jin sunana bakinka ba sai yau."

Albarka ya dubi cikin ƙwaryar. Haka ubansa ya yi, haka kakansa, ba a kiran sunan ɗan fari, kuma bai taɓa kawo wa ransa cewa abin na damunta ba. Ƙaunar yarinyar nan da nadama suka taso masa tare. Ya ce furar ta yi daɗi, alhali bai kai ta baki ba tukuna.

"Sake faɗi, Baba. Ɗazu tsoro bai bari na ji da kyau ba."

Albarka ya duba hagu, ya duba dama. Gidaɗo ne kaɗai a kusa, shi ma ya ba su baya yana kwance guntun igiya daga wuyan ɗaya daga cikin shanun, wai bai ji komai ba. Ya ɗaga ƙwaryar har ta rufe masa fuska, ya faɗa a ciki, a hankali, sau biyu, sannan ya sha.